Wai Lucille Ball, 'yar wasan barkwancin nan ta Amurka, mijinta ne ya yi ta? Haba malam!

Na ga kwament ɗin da wani ya rubuta a ƙarƙashin bidiyonta da na saka. Tun jiya da daddare na gan shi, na kuma ga mutum nawa suka danna masa layik har da waɗanda nake ganin girmansu, kuma wallahi na yi niyyar in yi shiru, na kife waya na kwanta amma abin ya tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi har aka kira asuba. Masu turo min sikirinshot kuma ku huta haka nan, saƙo ya iso.

Wai Lucille Ball wata sakaryar mata ce da ta yi sa'ar miji mai ƙwaƙwalwa, shi ya ɗauko ta ya sa ta a talbijin. Sannu masani. Sannu da bincike. Bidiyo na minti uku na saka, baƙi da fari, na wurin da ita da ƙawarta suka samu aiki a kamfanin cakulan, inji yana turo cakulan a kan bel su kuma aikinsu su naɗe kowanne a takarda, an ce musu idan ɗaya ya wuce ba a naɗe ba a bakin aikinsu. Bel ya ƙara gudu, hannu ya kasa, sai ta fara cusawa a baki, baki ya cika ta koma hula, hula ta cika ta koma cikin riga, shugabar ma'aikata ta shigo ta ga bel fes babu ko ɗaya sai ta ɗaga murya ta ce a ƙara wa inji gudu. Wannan ka kalla, a 1952 aka yi shi, yau shekara saba'in da ɗoriya kuma har kai sai da ka yi dariya don na ga alamar dariyar da ka sa kafin ka rubuta shirmen, amma abin da ka fahimta kawai shi ne matar sakarya ce. To ai sai ka je ka faɗi gaisuwa a ƙofar gidan duk wanda ya taɓa fitowa a sarki a wasan kwaikwayo.

Bari in tambaye ka, tsakanin ita da mijin nata Desi Arnaz wa ya ɗauko wani?

Gidan rediyo da talbijin na CBS ita suke nema. Ita. Tun 1948 take musu wani wasan barkwanci a rediyo tana fitowa a matar wani ma'aikacin banki, wasan ya karɓu, da talbijin ta fara shiga gidajen mutane suka ce ta zo a mayar da shi na kallo. Ta ce ta yarda amma da sharaɗi, mijinta na gaske ne zai fito a mijinta. Suka ce ina, wa zai yarda baturiyar Amurka mai jan gashi tana auren ɗan Kyuba makaɗin ganga da Turancinsa ma ke fita da karin Sifaniyanci. Ka ji fa, mutanen da suka shekara goma da aure ake ce musu ba wanda zai yarda ma'aurata ne. Ta kafe. Da suka ƙi sai ita da shi suka haɗa ɗan wasan dandali a 1950 suka riƙa yawo gari gari suna yi a gaban jama'a don CBS su gani da idonsu cewa mutane ba su damu ba, dariya kawai suke. Sannan aka sakko. To wa ya riƙo hannun wa ya shigar da shi? Ƙofar da aka rufe wa mutum, matarsa ta sa ƙafa ta tokare ta ce ko mu shiga tare ko in fasa, shi ne yau wani yake zaune a kan katifa da data ɗin naira ɗari biyu yana cewa shi ya yi ta.

Kuma kafin nan ma ina take? Kamar daga sama ta faɗo a 1951? An haife ta a 1911 a wani gari Jamestown a jihar New York, babanta ya rasu da taifot tana shekara uku. Tana 'yar sha biyar ta tafi makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin New York, a makarantar akwai Bette Davis wadda kowa ke yabo, ita kuwa malamai suka ce ɓata kuɗi kawai ake, ba ta da abin. Ta koma tallan kaya, tana sa riguna masu kuɗi suna kallo suna saya, ta yi tallan taba, sai a 1933 ta samu shiga Hollywood cikin 'yan matan nan da ake jerawa a baya don ado, ba magana ba suna. Daga nan ta yi ta jan jiki. Finafinan da ta fito kafin ta shiga talbijin sun haura hamsin, yawancinsu irin masu ƙaramin kuɗi ne da ake haɗawa da babban fim a cike lokaci, har laƙabi aka yi mata da sarauniyar irin waɗannan finafinai, wanda in ka duba da kyau yabo ne da zagi a ƙunshe. Lokacin da ta haɗu da Desi a wurin ɗaukar wani fim a 1940 ita ce jarumar fim ɗin, tana da shekara 28 shi yana da 23, fim ɗinsa na farko kenan. Na farko fa. A watan Nuwamban shekarar suka yi aure.

Shekara goma sha takwas tana wannan fafutuka kafin a haska shirin nasu na talbijin, I Love Lucy, ranar 15 ga Oktoban 1951, tana da shekara arba'in cif, shekarun da a Hollywood ake fara ba mace matsayin uwar jaruma ko a daina kiran wayarta gaba ɗaya. Wata uku kafin nan ta haifi 'yarta ta fari bayan ɓarin da ta sha yi. Mai jego ce ta fito ta yi wannan tsalle-tsallen da kuke gani. Amma wai sa'a.

Na san abin da za ku ce don tun jiya wasu suka fara, ai Desi ne ya yi dabarar kasuwancin. Eh. Ban musa ba, kuma ba zan ci haƙƙin mamaci don in ci gardama a Facebook ba. Mutumin yana da kai. A lokacin yawancin shirye-shirye kai tsaye ake yinsu daga New York, mutanen yammacin ƙasar kuma sai a kafa kamara a gaban allon talbijin a ɗauko musu hoto dishi-dishi su kalla daga baya. Kamfanin tabar da ya ɗauki nauyin shirin ya so su tattara su koma New York, su kuma suka ce suna Los Angeles. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki shirin a kan faifan fim irin na silima, da kamara uku a lokaci guda, a gaban 'yan kallo na gaske, suka ɗauko Karl Freund tsohon gwanin kamara da ya yi suna tun a finafinan Jamus ya tsara musu fitilu. Aka ce ai wannan zai ci kuɗi. Suka ce a rage dala dubu ɗaya daga albashinsu kowane mako, amma faifan ya zama mallakin kamfaninsu Desilu. CBS suka yi murna sun ɗauka sun ci banza, don a tunaninsu wa zai sake kallon abin da ya riga ya kalla. Bayan 'yan shekaru sai da suka kirga miliyoyin daloli suka sayi faifan nan. Desi ne ya zauna a teburin cinikin, na ba shi wannan da hannu biyu.

To amma me ke cikin faifan? Wannan ita ce tambayar da kuke ta tsallakewa kamar kwata. Me ya sa mutum zai kalli abu sau biyu, sau goma, jikansa ma ya zo ya kalla? Don kamara uku? Akwai wanda ya taɓa zama gaban talbijin ya ce kai, yau kamara ta biyu ta burge ni? Dillali komai iya bakinsa sai da saniya a hannu yake ciniki. Sunan shirin ma ba ku duba ba, Lucy ake so, ba a ce ana son Ricky, wato sunan Desi a shirin, ba. Shekara shida ana yi, kashi 180, a huɗu daga cikin shekarun nan shi ne na ɗaya a duk Amurka, kuma yana na ɗaya suka tsayar da shi a 1957.

Sai maganar cikin, wadda ita ta fi ba ni dariya idan na tuna wai Desi ne komai. A 1952 ta samu cikin ɗanta na biyu ana tsakiyar shiri. Manya suka rikice, don a lokacin nuna mace da ciki a talbijin abin kunya ne a wurinsu, ma'aurata ma a gado biyu ake nuna su kowa da nasa. Aka yi ta ja-in-ja har aka yarda a sa cikin a labari, amma CBS suka hana a furta kalmar ciki ɓaro-ɓaro sai dai a ce tana jiran haihuwa, kuma sai da aka kawo fada na Katolika da fasto da malamin Yahudawa suna duba rubutun kowane kashi kada a yi saɓo. Ranar 19 ga Janairun 1953 ta haifi ɗanta namiji da safe, da daddare aka haska kashin da Lucy ta cikin shiri ta tafi asibiti haihuwa. Mutum miliyan 44 suka kalla. Washegari aka rantsar da Eisenhower shugaban ƙasa, masu kallonsa wajen miliyan 29. Mai jego ta fi shugaban ƙasa jama'a. To malam, cikin ma Desi ne ya ɗauka? Shi ya yi ta aiki da tsohon ciki a ƙarƙashin fitilun nan masu zafi?

Wata kuma ta ce ai marubuta ne. Ita wannan na ji daɗin maganarta don da ladabi ta yi, kuma tana da gaskiya rabi. Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll su suka riƙa rubuta shirin, ita Lucille da bakinta ta sha faɗa cewa su ne masu ban dariyar. Amma 'yar'uwa, marubuci zai rubuta miki a takarda cewa ki cusa cakulan a baki, ba zai rubuta miki yadda idonki zai fito ba, da daƙiƙar da za ki juyo ki kalli ƙawarki, da yadda za ki tsaya ƙiƙam kumatu a kumbure kina nuna ba komai. Waɗanda suka yi aiki da ita duk abu ɗaya suke faɗa, mace ce mai naci a rihazal, abu ɗaya sai ta maimaita shi har kowa ya gaji, idan wasan na buƙatar ta iya wani abu da hannu sai ta koya tukuna. Sakarcin da kuke gani awo ne aka yi masa kamar tela da tef. Ku gwada mana, ku sa waya a gaba ku yi minti ɗaya kuna wauta da gangan ku ga ko ko ƙaninku zai yi murmushi.

Yanzu mu zo inda maganarku ta mutu murus. Idan shi ya yi ta, ai da ya tafi sai ta faɗi ko? Sun rabu a 1960, washegarin ranar da suka gama ɗaukar shirinsu na ƙarshe tare ta shigar da takardar saki. A 1962 ta dawo da sabon shiri babu shi a gaban kamara, ya shekara shida yana cikin na sama-sama, ta gama shi ta fara wani a 1968 da 'ya'yanta biyu ya kai har 1974. A ƙarshen 1962 ɗin kuma ta sayi hannun jarinsa a Desilu da sama da dala miliyan 2, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya finafinai a Hollywood. Kuma ku ji wani abu, filin ɗaukar fim na RKO inda a da take 'yar kwantiragi tana jiran a kira sunanta, Desilu sun saye shi tun 1957, wato ofishin da a da sai ta ƙwanƙwasa ta jira yanzu ita ake ƙwanƙwasa wa. A zamaninta ne kamfanin ya yi Star Trek da Mission: Impossible, duka a 1966, manyan kamfanin suna ta gargaɗi cewa za su cinye musu kuɗi, ta ce a yi. Kai da ka rubuta kwament ɗin na leƙa shafinka, na ga kana ta yabon Tom Cruise yana rataye a jikin jirgi a fim ɗin Mission: Impossible, to tushen abin daga teburin sakaryar ya fito. A 1967 ta sayar da kamfanin ga Gulf and Western a kan dala miliyan 17. Allah Ya ba mu irin wannan sakarcin, amin.

Bari in sauke murya kaɗan don gaskiya ba duka abin dariya ba ne. Abin da ya fi taɓa ni a labarin matar nan shi ne dalilin da ya sa ta kafe sai da mijinta. Aurenta take son ceto. Shekara goma yana yawo da ƙungiyar makaɗansa gari gari ita tana Hollywood, ga sha ga mata, tun 1944 ta taɓa neman saki suka shirya. Tunaninta idan suna aiki wuri ɗaya zai riƙa kwana a gida. Wato shirin da ya fi kowanne farin jini a ƙasar, asalinsa dabarar mace ce ta riƙe mijinta. Kuma bai riƙu ba. Duk Litinin da daddare miliyoyin mutane suna kallon ma'auratan da suka fi kowa son juna, su kuma a gida abin yana ta rushewa, da safe ta shafa hoda ta fito ta sa duniya dariya. Duk da haka ba su zama abokan gaba ba, ta auri Gary Morton a 1961 suka zauna har ƙarshen ranta, shi ma Desi ya sake aure, amma suna waya suna zumunci har ya rasu a Disambar 1986. Ni ban tsani Desi ba, ita ma ba ta tsane shi ba. Abin da na tsana shi ne wannan saurin da ake yi, da an ga mace ta kai wani wuri sai a fara leƙa bayanta ana neman namijin da ya turo ta.

Na san dalilin da ya sa abin ya ci min rai haka. Gwaggota ta shekara talatin tana sayar da atamfa, da dilar kaya ɗaya ta fara a ɗakinta tana bin gidajen biki, ina ƙarama ni ke riƙe mata littafin bashi, wani ja mai bangon kwali da ta ɗaure da kyauron roba, ba ta iya boko ba amma ta san abin da kowace mata ta ci har sisin kwabo. Ita ta kama shago, ita ta ƙara na biyu, mijinta Allah Ya jiƙansa zama kawai yake a benci a ƙofa yana sauraron rediyo. Har ta koma ga Allah ana cewa shagon Alhaji. Ranar sadakar uku na ji wani yana cewa ai Alhaji ya yi ƙoƙari da ya kafa ta. Ban ce komai ba ranar don gidan makoki ne. Jiya da na karanta kwament ɗin nan muryar mutumin nan na ji.

Masu cewa me ya dame ni da baturiyar da ta mutu tun 1989, ku kuma me ya dame ku da kuka bar aikinku kuka zo ƙarƙashin bidiyona? Masu cewa ina kare 'yar fim, na ji, ku wuce. Wanda ya ce ai ba waliyyiya ba ce, wa ya ce maka waliyyiya ce? An ce tana da zafi a wurin aiki, ba ta ɗaukar wasa, wasu sun ji jiki a hannunta. Ta yi fim na waƙe-waƙe a 1974 masu sharhi suka yi mata kaca-kaca, ta dawo da wani shiri a 1986 tana da shekara 75 tana son ta yi irin faɗuwa da tsallen da, mutane suka kasa dariya don tsoro suke kada ta karye, kashi takwas kawai aka nuna aka dakatar. Wannan duk gaskiya ne kuma nata ne. To idan faɗuwar tata ce ita kaɗai, ba wanda ya ce Desi ne ya faɗi, don me nasarar za ta zama ta wani?

Kuma ba zan yi bulok ɗin kowa ba, ku zauna mu ci gaba.

Af, na tuna, wata ta tambaya a ƙasa ko da gaske jan gashi gare ta tunda bidiyon baƙi da fari ne. Ba da shi aka haife ta ba, gashinta mai ruwan ƙasa ne, a shekarun 1940 da ta koma kamfanin MGM aka mayar da shi ja. Har akwai labari a kai, a 1953 lokacin da ake farautar 'yan kwaminisanci a Amurka aka tono cewa a 1936 ta yi rajistar zaɓe da sunan jam'iyyarsu, ta ce don ta faranta wa kakanta ne da ya rene su, aka bincika aka wanke ta. A makon ne Desi ya fito gaban 'yan kallo kafin a fara ɗauka ya ce musu ba abin da yake ja a jikin Lucy sai gashinta, shi ma ɗin ba na gaske ba ne, don ja ake kiran 'yan kwaminis a can. Kun ga, na ce muku mutumin yana da kai. Kuma da me take rina shi? Lalle. Wallahi lalle, irin namu, har a cikin shirin ana tsokanarta da shi. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda nata yake fitowa ruwan lemo mai haske haka, don ni sau biyu ina gwadawa a kaina, na kwaɓa da ruwan shayi na kwaɓa da lemon tsami na ɗaure da leda na kwana da shi, in banda ƙaiƙayi da ɓata matashin kai ba abin da na samu, sai an fita rana ma ake ganin ɗan ja-ja. Wata ta ce min sai an fara sa mai sauya launi gashin ya yi fari tukuna, ni kuwa ina tsoron ya kakkarye. Masu gyaran gashi na san kuna nan kuna karantawa ba kwa magana, don Allah wadda ta san yadda ake yi ba tare da an ƙona gashi ba ta faɗa min, bikin ƙanwata saura sati uku.